Jinkirin da ke kashe mata wajen haihuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya. Abin takaici, yawancin abubuwan da ke kashe su suna da magani: zubar jini bayan haihuwa, hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin jego. Ba a kaiwa ga maganin da wuri ne.

A gida ake fara ɓata lokaci. Mai cikin fari tana kunyar faɗa wa uwar miji naƙuda ta zo, sai ta daure. In ta faɗa, a kawo rubutu, a kira ungozoma, a jira maigida ya dawo daga kasuwa, don ba mai fita da ita sai da izininsa. In jijjiga ta kama ta, wasu su ce iskoki ne, a shiga turare da tofi, alhali akwai allurar da ake yi wa mai jijjiga a asibiti. Zubar jini kuwa ba ya jiran kowa. Yana iya kashe mace cikin awa 2. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda ma sau da yawa yoyon fitsari ke biyo baya.

Ga rashin mota cikin dare da lalacewar hanya da damina. A isa asibiti kuma a tarar ba ma'aikaci, ko a miƙa wa dangi takardar sayayya, ko a ce ba jini, 'yan uwa maza kuma su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan laifin hukuma ne da namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, domin a nan ake gano hawan jini da ƙarancin jini tun kafin su yi ƙarfi. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, ko ganin jini, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take.

Maigida, tun ciki yana ƙarami ka ba da izinin fita ko ba ka nan. Ka ajiye kuɗin mota, ka riƙe lambar direba, ka kuma shirya wanda zai ba da jini in an buƙata.