Shin Ko Kun San? Mahaukaciyar Guguwa Ba Ta Zaɓen Gari

Shin ko kun san akwai guguwar da ke ɗaga mota ta yi jifa da ita kamar faifai? Guguwar rani da muka saba gani daga zafin ƙasa take tasowa, ta kwashe leda da karmami ta wuce. Wannan kuwa daga cikin hadari take saukowa, da siffar mazurari, tana juyi. Turawa na ce mata tonado. Ku gyara zama!

Shin ko kun san Amurka ce hedikwatarta? Kusan 1,200 ake samu a can duk shekara. Amma wadda ta fi kisa a tarihi a Bangaladash ta sauka. Ranar 26 ga Afrilu, 1989, ta hallaka mutum kimanin 1,300. A yini guda!

Kun san kusan duk nahiyoyin duniya sun ɗanɗana ta? In ban da Antatika, babu inda ba ta taka ba.

To ga abin mamaki. Ranar 23 ga Nuwamba, 1981, guguwa 104 suka sauka a Birtaniya cikin ƙasa da awa shida. Ƙasar yayyafi da lema! A Yunin 2021 kuma wata ta ratsa ƙauyukan kudancin Jamhuriyar Cek, ta kashe mutum 6, ta jikkata ɗaruruwa. Tsakiyar Turai ke nan, inda ba wanda ya kwana da tunaninta.

Afirka fa? A Disambar 1998 Nelson Mandela yana cikin wani kantin magani a garin Umtata, sai guguwa ta afka wa garin. Masu tsaron lafiyarsa suka rufe shi da jikinsu. Ya fito ko ƙwarzane babu. Shugaban ƙasa sukutum!

Shin ko kun san dutse ba ya tare ta? Mutanen birnin Salt Lake City na Amurka suna zaune tsakanin tsaunuka, hankali kwance. A Agustan 1999 ta bi ta tsakiyar birnin da rana kata. Kogi ma haka. A 2011 wata ta tsallaka kogin Connecticut tana zuƙar ruwa, ta faɗa birnin Springfield. Duk mai cewa garinmu ba a yi, ya sake lissafi.

Gudun iskarta kuwa? A Oklahoma, ranar 3 ga Mayu, 1999, na'ura ta auna sama da kilomita 480 a awa. A 2013, a garin El Reno, an ga wadda faɗinta ya kai kilomita 4.2. Faɗi fa, ba tsawo ba! Ta shekarar 1925 kuwa ta yi tafiyar kilomita 350 a jihohi uku na Amurka, ta kashe mutum 695. Ta fi nisan Kano zuwa Kaduna!

Yanzu ku saurara da kyau. Shin ko kun san sanarwar iri biyu ce a Amurka? Ta farko cewa take: yanayi ya nuna alama, a zauna cikin shiri. Ta biyu gargaɗi ce: an gan ta, ko na'ura ta hango ta, a ɓuya yanzu-yanzu. Tsakanin gargaɗi da isowarta, galibi minti 10 zuwa 15 ne. Ko shinkafa ba ta nuna ba!

Inda aka saba da ita, jiniya na kaɗawa, kowa ya san inda zai nufa. Inda ba a saba ba, sau da yawa babu jiniya, babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sai mutane su fito kallo, waya a hannu ana ɗaukar bidiyo. Nan haɗarin yake. Baƙo, ɗalibi, matafiyi, kowa ya bar wayarsa a kunne, ya kula da saƙon gaggawa.

Kun san tana da alamu? Sama ta yi duhu, wani lokaci har da kore-kore. Ƙanƙara manya-manya ta zubo. Sai rugugi mara yankewa, kamar jirgin ƙasa ya doso gida. Wani sa'in ruwan sama ya lulluɓe ta, ido ba ya ganinta sam. In kuma kun hango ta kamar a tsaye take, ba ta yin hagu ba ta yin dama, sai ƙara girma, to wataƙila ku ta nufo!

Ina za a shiga? Abu uku kacal: ƙasa, ciki, rufe kai. A sauka hawa na ƙasa. A shige ƙaramin ɗaki na tsakiyar gida wanda ba shi da taga, ko banɗaki, ko ƙarƙashin matakala. Yawan bangon da ke tsakaninku da waje, yawan kariyarku. A durƙusa, a ja katifa a lulluɓa.

Shin ko kun san hular kwano tana ceton rai a nan? Tarkacen da ke shawagi shi ne babban makashi: kwanon rufi, gilashi, katako, ƙusa. Raunin kai ne ya fi muni. Hular babur ko ta keke, a sa wa yara tukuna. A sa takalmi mai kauri kuma, domin bayan ta wuce ƙasa duk ƙusa ce da fasasshen gilashi.

Da can ana cewa a buɗe tagogi kada gida ya fashe. Kun san kuskure ne? Ɓata lokaci ne kawai, kuma a bakin taga gilashi ke samun mutum.

Ƙarƙashin gadar sama fa? Tarko ne! Iska tana matsewa a wurin ta ƙara ƙarfi. A guguwar Oklahoma ta 1999 mutum uku suka mutu a ƙarƙashin gadoji. Mai mota ya nemi gini mai ƙwari mafi kusa. In babu, ya ɗaura bel, ya sunkuyar da kai ƙasa da taga, ko ya kwanta rub da ciki a wani kwari, hannu a ƙeya. Rumfa, kwantena da gidan tirela kuwa, a bar su tun da wuri.

Kun san ta dare ta fi ta rana kisa, ninki biyu har da ɗoriya? Ana barci, ba a gani, ba a ji.

Ga na ƙarshe. A 2006, a jihar Missouri, guguwa ta sure wani saurayi ɗan shekara 19 daga gidan tirela, ta dire shi a fili, nisan mita kusan 400. Ya tashi da ransa! Irin wannan sa'a ba a gwada ta. Ku gaya wa ɗan'uwanku da ke karatu ko aiki a ƙetare: yau ɗin nan ya duba gidan da yake, ya zaɓi ɗakin ɓuya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.