Zogale da Ciwon Daji

Ya kai manomi, ganyen zogale yana ɗauke da bitamin C da sinadarin kwasetin, waɗanda ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A ɗakin gwaji, ruwan da aka tatso daga ganyen ya rage yaɗuwar ƙwayoyin ciwon daji, amma ba a tabbatar yana warkar da mutum ba. Saboda haka, wanda ya ga kumburi a nono ko wuya, ya hanzarta zuwa asibiti, kada ya tsaya ga zogale.

Don kada amfanin ganyen ya salwanta, ka wanke shi, ka shanya a inuwa, domin zafin rana yana rage sinadaran. In ya bushe, ka daka, ka adana a kwalba mai murfi.