Gyaran Ƙafa da Farce a Salun: Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Da zarar an kai dammunan hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Gidan Amumune da sauran garuruwan gundumar Mayahi, ƙafa ce ke fara kokawa. Ta sha zafin rairayi lokacin noma, ta taka ƙarangiya da ƙayar aduwa lokacin girbi, ta yi safa da marwa tsakanin gida da rijiya, yanzu kuma bushewar iska ta zo ta tsattsaga dunduniya. Faso kan yi zurfi har ya fidda jini, kaushi ya yi kauri har ya riƙa kama zane da dare. A daidai wannan lokaci ne kuma bukukuwa ke kankama, domin kaka ce ke kawo kuɗin aure.

A da, amarya da ƙawayenta sun san inda za su dosa: wurin mai ƙunshi. Yanzu wayar hannu ta kawo wani sabon salo. A TikTok da WhatsApp ƴan mata na ganin yadda ake yi a shagunan kwalliya na Maraɗi da Yamai da Kano: a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi mai ƙamshi, a kankare kaushi, a gyara gefen farce, a shafa jan farce ko a liƙa farcen kanti mai tsawo. Wadda ta je Tasawa ko Maraɗi sayen kayan lefe takan dawo da labari, wani lokaci har da shaida a yatsunta. Daga nan gardama ta tashi tsakanin uwa da ɗiya, tsakanin miji da mata: wannan abu ya cancanci kuɗin da ake zubawa, ko ɓarnar dukiya ce?

Biyan ladan gyaran jiki ba baƙon abu ba ne

Masu cewa baƙuwar al'ada ce sun manta cewa Bahaushe ya daɗe yana biyan wani ya gyara masa jiki. Wanzami na da gurbinsa a kowane gari, har da sarauta. Mai ƙunshi na cin abinci da lalle tun zamanin zunguru, kafin a zo ga zanen salatif da na fulawa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda sa lalle ya kasance ginshiƙi a auren ƙasar Zazzau tun farkon ƙarni na 20. Ga kuma mai yankan farce da ke yawo ranar kasuwa yana kaɗa almakashi don a san ya iso. Wannan sana'a na daga cikin waɗanda samarin karkara ke kamawa idan sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, domin jarinta bai wuce almakashi da ɗan ruwan sabulu da tsumma ba.

Addini ma ya sa hannu. Yanke farce na cikin abubuwa biyar na fiɗira da hadisi ya lissafa, kuma a ruwayar Anas da ke cikin Sahihu Muslim an iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Saboda haka kula da farce wajibi ne na tsabta tun kafin a san salun. Abin da ya rage a tantance shi ne wa za a ba wa ƙafar, da wane ƙarfe zai taɓa ta, kuma nawa za a biya.

Ita sana'ar salun ɗin kanta ba ta daɗe ba. Kamfanin Cutex ya fitar da jan farce na ruwa a Amurka wajen 1917, Revlon ya kafu a 1932. Farcen kanti kuwa wani likitan haƙori ne, Fred Slack, ya faro shi a shekarun 1950, bayan ya karya farcensa ya gyara da kayan cike haƙori. A 1975 ƴar wasan fim Tippi Hedren ta sa aka koya wa wasu mata 20 ƴan gudun hijirar Biyetnam gyaran farce a Kalifoniya. Daga wannan ƙaramin aji ne ƴan Biyetnam suka mamaye sana'ar a Amurka, farashi ya sauko, abin da a da sai matan attajirai ya zama na kowa. Sai dai arahar ta zo da nata: binciken da jaridar New York Times ta buga a 2015 ya nuna yadda ake biyan ma'aikatan shagunan birnin New York ƙasa da ƙa'ida, suna shaƙar sinadarai wuni guda.

Haja uku a farashi ɗaya

Idan aka duba da kyau, mai salun na sayar da abu uku ne a dunƙule: tsabta, da ado, da kuma alkawarin magani. Kowanne da hukuncinsa.

Ɓangaren tsabta shi ne jiƙa ƙafa, da goge kaushi, da yanke farce, da shafa mai. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya gagari tsakar gida. Ruwan ɗumi a roba, sabulu, dutsen goge kaushi, sai man kaɗanya ko man shanu ko basilin bayan an tsane ƙafa, musamman da dare a sa safa. Sirrin yana ga dagewa. Kaushi kariya ce da fata ke ginawa saboda gogayya da bushewa, don haka wadda ta biya aka kankare mata yau, ta koma taka rairayi da silifa gobe, cikin ƴan makonni zai dawo. Idan ma aka sa reza aka yanke shi da zurfi, fatar kan mayar da martani da wanda ya fi kauri. Farcen ƙafa kuma tsironsa kimanin milimita ɗaya da rabi ne a wata, kusan rabin saurin na hannu. Ba ya buƙatar gwani kowane mako. Abin da yake buƙata shi ne a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa a ƙwaƙule, domin ta nan ne yake tsirowa cikin nama.

Ɓangaren ado ya fi sarƙaƙiya, kuma a ƙasar da kusan kowa ke alwala sau biyar a yini, maganar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala a makarantar zaure ya san dole ruwa ya taɓa gaɓar da ake wankewa. Jan farce da farcen kanti shamaki ne, ruwa ba ya ratsa su. Shi ya sa mata da yawa ba sa shafawa sai a kwanakin da ba sa salla. Farcen kanti da ake liƙawa don ya yi mako biyu ko uku ya zarce waɗannan kwanaki, ke nan ko a cire shi kuɗin bai fita ba, ko a shiga matsalar ibada. Wasu kamfanoni, irin su Inglot na ƙasar Folan, sun fitar da jan farce da suka ce danshi na ratsa shi, amma malamai ba su haɗu a kan cewa ya wadatar ga alwala ba. Lalle ba shi da wannan damuwa: launi ne da ke shiga farce da fata ba tare da ya bar ɓawo ba, kuma a farce yana nan har sai sabon tsiro ya ture shi.

Sannan akwai aikin yau da kullum. Hannun da ke riƙe taɓarya, ya ja guga, ya tuƙa tuwo, ya dama fura, ba wurin zaman dogon farce ba ne. Yakan ɓalle, wani lokaci ya tafi da na ainihi, kuma ƙarƙashinsa maɓoyar datti ce ga mai ba jariri abinci. Irin jan farcen da ake busarwa da fitila kuwa, likitocin fata na Birtaniya sun yi gargaɗi tun 2018 cewa sinadaransa na haddasa borin fata da ba ya warkewa ga wasu. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego sun nuna cewa hasken fitilar na lalata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, ko da yake hakan bai kai matsayin hujjar cewa yana jawo ciwon daji ga mutane ba. Daga 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta haramta wani sinadari mai suna TPO a irin wannan jan farce. Kayan da aka hana sayarwa a can ba safai ake zubar da su ba, kasuwa kawai suke sauyawa.

Adalci ya sa a faɗi laifin namu ma. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis na ɗauke da sinadarin rinin gashi mai ƙona fata, har ya bar tabo daidai zanen da aka yi. Ko jan lalle na gaskiya bai kamata a sa wa jarirai ba, domin yana iya farfasa jinin yaran da aka haifa da wani ƙarancin gado a jininsu. Kuma malaman asibiti na duba tafin hannu da farce don gane ƙarancin jini, abin da ya yi yawa ga masu ciki a yankin Maraɗi. Lalle mai duhu da jan farce duk suna rufe wannan alama.

Ɓangare na uku, alkawarin magani, shi ne ya fi haɗari. Farcen da ya yi kauri ya koma rawaya yana marmashewa, galibi ƙwayar cuta ce irin ta makero ta kama shi. Rufe shi da fenti ɓoye ciwo ne, kuma farcen babban yatsa kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya sabunta. Ɗan karkare, da faso mai ruwa, da ruɓewar tsakanin yatsu, aikin gidan likita ne. Mai ciwon suga kuwa ya yi nesa da duk mai riƙe da reza. Cutar na kashe jijiyoyin ƙafa, a yanke mutum bai ji ba, ɗan rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da ita ba.

Ƙarfen da ya taɓa jinin wani

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba ta ba da tabbaci. A shekarar 2000, a garin Watsonville na Kalifoniya, mutane sama da 100 sun fito da maruru a ƙwauri bayan gyaran ƙafa a salun guda. Da aka bincika, sai aka tarar da gashi da dattin fata sun taru a matatar kwamin jiƙa ƙafa, ƙwayoyin cuta sun yi gida. Waɗanda suka aske gashin ƙafa kafin su je su ne suka fi kamuwa. Wannan a ƙasar da ke da lasisi da masu duba shaguna ke nan.

A wajenmu babbar barazanar ita ce ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a 2022, kimanin miliyan 65 a yankin Afirka, kuma ƙwayar na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jikin mutum. Ɗigon jinin da ido ba ya gani a bakin almakashi ya isa. Goge ƙarfe da tsumma ko tsoma shi a ruwan kumfa ba ya kashe ta. Sai an wanke shi tas, a tafasa minti 20, ko a jiƙa a ruwan jabel. Almakashin mai yawo a kasuwa da ya bi yatsun mutum talatin kafin azahar, da ƙarfen salun mai madubi da fanka da ba a tafasa ba, hukuncinsu ɗaya. Haka kuma ƴar fatar nan da ke gindin farce, wadda masu gyara ke son yankewa don farce ya fito da kyau, ita ce ƙofar da ke tare ƙwayoyin cuta. Wanda ya san aikinsa turawa yake yi a hankali, ba ya yankewa.

Lissafin aljihu

Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata daga Janairun 2024, kuma mafi yawan mutanen Gidan Amumune ba ma albashi suke ɗauka ba, rumbu ne bankinsu. Ga wadda za ta je birni don gyaran farce, kuɗin mota na iya kai na gyaran ko ya fi. Duk abin da za a riƙa sabuntawa bayan mako uku, da tiyar hatsi ya kamata a auna shi, a ga ko gida zai ɗauka.

Wannan ba ya nufin a rufe shagunan. Amarya na da haƙƙin ta yi ado ranar da ba ta maimaituwa, kuma awa guda da mace za ta zauna wani ya kula da ƙafarta, ita da kullum take kula da wasu, ba abin rainawa ba ne. Tsoho da bayansa ba ya lanƙwasuwa, da mai tsohon ciki da ba ta iya kai hannu ga yatsunta, da mai raunin gani, duk suna da dalilin biyan wani. Sana'ar kuma na ciyar da ƴan mata da zawarawa da samari ƴan cin rani, waɗanda da yawansu ba su da wata hanyar samu tsakanin girbi da shuka.

Abin da ya cancanci kuɗi shi ne hannun da ya iya da ƙarfen da aka tsabtace. Mai zuwa gyara ta tafi da almakashinta da abin yanke farcenta da dutsenta, kamar yadda maza da yawa suka koyi zuwa wurin mai aski da sabuwar reza tun da aka fara wayar da kai kan ƙanjamau. Ta ƙi yarda a sa mata reza a dunduniya, ta ƙi a yanke fatar gindin farce, ta dubi ruwan da za ta tsoma ƙafa. Idan mai shago ta ɓata rai don an tambaye ta yadda take wanke kayanta, amsa ta samu.

Sauran aikin na hukuma ne. Ma'aikatan gidajen likita na Mayahi da Tasawa, tare da sarakunan aska da magadan gari, za su iya tara wanzamai da masu ƙunshi da masu yankan farce ranar kasuwa, a nuna musu tafasa ƙarfe da haɗa ruwan jabel, a gwada su ciwon hanta, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi.  Kafin a kai ga haka, shawarar ba ta da wuya: tsabtar ƙafa a yi ta a gida kowane dare, ado a biya shi ranar biki wurin wadda aka yarda da tsabtarta, ciwo kuwa a kai shi likita.