Dashe ko Toho: Wace Hanya Ce Ke Dawo da Namun Daji?

Karɓar fili ba ta yi wa gwamnati wuya. Tun da aka kafa dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma yana iya karɓe wani yanki don amfanin jama'a. A auna, a kafa turakun siminti, a biya diyyar amfanin gona, a kafa allo. Wahalar tana farawa ne washegari. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaukar dazuzzuka goma daga hannun jihohi don mayar da su gandun namun daji na ƙasa, cikinsu har da Falgore ta Kano, Kogo ta Katsina da dausayin Haɗejiya. Sakkwato ba ta cikin jerin, amma tambayar tamu ce. Muna da dajin Gundumi, muna da makeken filin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Dundaye, muna kuma cikin jihohi 11 da hukumar ganuwar itatuwa take karɓar filaye daga hannun garuruwa tun da aka kafa ta a 2015. Idan fili ya shigo hannun hukuma, aka ce ana so barewa da zomo da fakara su dawo, me za a yi masa?

Hanya biyu ce a gabanmu, kuma ba su zo ɗaya ba.

Ta farko duk mun san ta. A share fili da katafila, a ja layi da igiya, a kwaso 'ya'yan itatuwa cikin baƙar leda daga wurin reno, a dasa su da damina, a zagaye da waya. Yawanci dogon yaro ne, wani lokaci turare. Ba zan raina wannan aiki ba, domin duk wanda ya taɓa takawa a ƙafa cikin garin Sakkwato da azahar a watan Afrilu ya san darajar dogon yaro. Baƙo ne daga Indiya, ta Barno ya shigo Nijeriya a 1928, ya kuma zauna da mu fiye da yadda wasu 'yan gida suka zauna. Yana jure fari, awaki ba su cika son ganyensa ba saboda ɗaci, cikin 'yan shekaru ya ba da inuwa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, can bayan Ƙonni, tun 1975 aka riƙa dasa shi layi biyu-biyu a tsakanin gonaki, ya tare iskar da ke kwashe ƙasa, gero ya samu sa'ida. Dashe yana da wata fa'ida da ma'aikacin gwamnati ke so: ana iya ƙirga shi. Dubu kaza aka dasa, hekta kaza aka rufe, ga hoto, ga rahoto.

Sai dai mu shiga ƙarƙashin irin wannan daji mu duƙa, mu dube shi daga inda zomo yake kallonsa. Ƙasa fayau, sai busassun ganye. Inuwar ta yi kauri, ciyawa ba ta samun fitowa. Itatuwan duk sa'o'in juna ne, tsayinsu ɗaya, babu kogo, babu ƙaya, babu sarƙaƙiya. Jemagu da wasu tsuntsaye suna shan 'ya'yan dogon yaro, balbela tana kwana a kansa, iyakar ke nan. Fakara da zabon daji a ƙasa suke yin ƙwai, cikin ciyawa mai duhu. Gada tana son surƙuƙin da za ta shige idan ta ji motsi. Bushiya da damo suna bin ƙwari, ƙwari kuma suna bin ruɓaɓɓen icce da furanni iri-iri. Kurege yana son gindin da zai haƙa rami. Abinci, ruwa, maɓoya da wurin haihuwa, waɗannan su ne gidan naman daji, kuma abin baƙin ciki shi ne yawancinsu suna nan a filin kafin katafila ta iso. Ita ce ke tumɓuke su.

Ga kuma maganar rayuwar dashen kansa. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu. Ɗan iccen da ya fito daga leda saiwarsa ba ta wuce taƙi ba, kuma zai fuskanci hunturu, sannan bazarar da zafinta ke haura digiri 40. In ba a bi shi da ban-ruwa ba, gara da rana su gama da shi kafin shamuwa ta dawo.

Hanya ta biyu daga maƙwabtanmu ta fito, daga Maraɗi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya tsaya ya dubi 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara. Ya gane ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, kututturensu na raye, saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Aikin ba shi da wata sarƙaƙiya: a kowane kututture a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a datse sauran, a rage ƙananan rassa na ƙasa, a kiyaye shi daga gatari da wuta. Duk ƙarfin tsohuwar saiwa sai ya koma kan waɗanda aka bari. Manoman can suka raɗa masa suna sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa ya bazu, daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu wurin reno, babu tankar ruwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin itatuwan da ke tohowa. Sabara da geza da kalgo su ne ke fara rufe ƙasa, su ne maɓoyar ƙananan dabbobi. Magarya ga ƙaya ga 'ya'ya, tsuntsu ya yi sheƙa cikinta shaho bai isa ba. Aduwa kore take shar a tsakiyar rani. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa: yana zubar da ganye da damina, ciyawa ta samu rana a ƙarƙashinsa, sannan ya yi ganye da furanni da 'ya'ya lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Wannan ya nuna, wancan yana fure, wani yana toho, shekara ta zagayo ba a rasa abin ci ba. Babu injiniyan da zai tsara wannan da igiya.

Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun isa shaida. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Ba a dasa musu daji ba, ba a kuma killace su da waya ba. Cikin gonakin gero suke yawo, da damina su hau tudu su ci geza da 'yan uwanta, da rani su gangara Dallol Boso wurin gawo da aduwa. Da aka hana farautarsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan suna samun wani abu daga masu zuwa kallo, sai suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi takwas zuwa gandun Gadabeji a arewacin Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955, inda irinsu ya ɓace bayan farin shekarun 1970. An iya mayar da su ne domin abincinsu yana nan tsaye.

Kada a ɗauka toho ba shi da rauni. Rauninsa babba ne, kuma a filin gwamnati ya fi bayyana. Sassaben zamani ya kama ƙasa a Nijar ne sa'ad da manomi ya tabbata iccen da ya rena nasa ne. A da, doka ta mayar da itatuwan gona mallakar hukuma, malamin daji yana cin tarar mutum a kan iccen gonarsa, don haka kowa ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi. To, filin da hukuma ta karɓa fa, wa zai datse masa reshe? Wa zai hana mai jaki shiga da gatari, alhali Sakkwato na cin itace da gawayi kowace safiya? Mutanen da aka raba da gonakinsu jiya ba za su zama masu gadin wurin yau don an kafa allo ba. Tsohuwar jihar Sakkwato ta ga ƙarshen karɓar ƙasa ba da yardar masu ita ba a Bakolori, a watan Afrilu na 1980, inda rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma. Dajin da aka kori kowa daga cikinsa kuma mun ga waɗanda ke gaje shi a gabashin jihar nan.

A nan dashe ya fi sauƙi, domin ɗan kwangila da waya sun wadatar, aƙalla na shekara biyu. Toho sai da mutane. Amma mutanen nan ba baƙin wannan tunani ba ne. Hurumi tsohuwar kalma ce a bakinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, kuma Malam Abdullahin Gwandu ya yi rubutu a kan hukuncin matacciyar ƙasa da hanyoyin mallakarta. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya a gaban hakimi da ardo: rassan da aka datse na matan ƙauye ne, 'ya'yan gawo na makiyayi, bagaruwa ta masu kai wa majema, a yanki ciyawa bayan kaka a wani sashe a bar wani, a ɗaga wa farauta ƙafa na wasu shekaru, a kuma ɗauki mafarautan su zama 'yan sintiri. Babu wanda ya san sawun gada kamar wanda ya taɓa bin ta.

Akwai wuraren da toho ba zai yi komai ba, domin babu abin da zai toho: faƙon da ruwa ke zamewa a kansa, da ramukan da aka kwashi tsakuwa ko jar ƙasa. Nan ne wurin dashe. Ko a nan ma mutanen Tawa da Keita sun nuna cewa ruwa ake fara kamawa, da tassa da ramin rabin wata, a zuba taki, sannan a sa iri. Irin kuma ya zama na gida, bagaruwa da aduwa da magarya da gawo. Dogon yaro a kai shi bakin iyaka ta gabas, inda iska ke bugowa, ya yi aikin da ya iya.

Da za a ba ni shawarar sabon fili a bayan gari, da na ce shekarar farko kada injin ko ɗaya ya shiga. A bari damina ta wuce. Da kaka a taka shi a ƙafa tare da mafarauci da makiyayi da matan da ke itace a wurin, a ƙirga kututturan da ke da rai, a sa wa kowane tafki alama, a yashe wanda ya cike don ya riƙe ruwa zuwa tsakiyar rani. Busasshen iccen da ke da kogo a bar shi tsaye saboda mujiya da zuma. Suri ma kada a rushe shi, domin cikinsa damo da tunku ke fakewa, kuma a kansa fakara ke hawa ta yi kuka da asuba.