Rigar Fam 9 da Kunnen Ɗan Allakaye

Idan rani ya kama a Adar, garuruwa irin su Allakaye, a gundumar Buza ta jihar Tawa, sukan koma na mata da tsofaffi da ƴan lakwal. Majiya ƙarfi sun tafi bida: wasu Abijan, wasu Libiya, wasu kuma sun bi ta Madawa ko Ƙonni sun faɗa Najeriya, har Legas da Fatakwal. Gab da damina sai su dawo da ƴan kuɗin hatsi da sabuwar waya, wasu har da sabon harshe a baki. Wanda ya yi rani uku yana sayar da shayi ko tura baro a Legas zai dawo yana jin Ingilishi, ko da buroka ne. Za a yi ciniki da shi, a zage shi ya gane, ya rama. Miƙa masa takarda kuwa, sai ya nemi mai karanta masa. Ƙaninsa da ke ajin ƙarshe na kwaleji yana shirin jarrabawar BEPC shi ne akasinsa. Zai karance shafi guda, ya amsa tambayoyin da ke ƙasa, ya jero maka kalmomin aikatau marasa bin ƙa'ida kamar mai tilawa. Kunna masa labaran Ingilishi a rediyo, da ƙyar zai tsinci kalma biyar kafin mai magana ya kai aya.

Takardar shaida ƙanin za a ba, domin abin da ya iya shi ake aunawa. Da can wannan bai dami kowa ba, tunda Ingilishi darasi ne kawai cikin darussa, ana fara shi a ajin farko na kwaleji bayan yaro ya sha fama da Faransanci shekara 6 a firamare. Amma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Muhawara ta tafi kan ɗaga Hausa da sauke Faransanci, aka bar Ingilishi a gefe ba a tattauna shi ba. Alhali harshen aiki shi ne wanda ake amsa waya da shi, a zauna taro da shi, a karɓi umarnin injiniya da shi a cikin ƙarar inji. Rabin wannan aiki na kunne ne.

Ba ƙasar da ta gwada auna kunnen ɗalibai da yawa irin ƙasar Sin. Jarrabawarsu ta shiga jami'a, gaokao, wadda aka dawo da ita a 1977 bayan an yi shekaru ba a yin ta, tana farawa ranar 7 ga Yuni kowace shekara. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajista, kusan rabin al'ummar Nijar ke nan. Harshen waje, wanda ga mafi yawansu Ingilishi ne, yana da maki 150, daidai da lissafi, daidai da Sinanci. A takardar da galibin larduna ke amfani da ita, fahimtar karatu ce ke da kaso mafi tsoka: nassoshi huɗu da tambayoyin zaɓi, sai nassi na biyar da aka zare jimloli biyar daga cikinsa, a ba ɗalibi bakwai ya mayar da kowace gurbinta. Sauraro kuwa maki 30 ne, tambaya 20, cikin kimanin minti 20. Ana yin takardar ranar 8 ga Yuni da ƙarfe 3 na rana, amma tun saura kwata ake rufe ƙofa, don kada ƙarar takalmin wanda ya makara ta cinye wa wasu jimla.

Shekara da shekaru, kafin a fara tambayoyin gaske, akan kunna misali iri ɗaya: ana tambayar kuɗin riga, amsa kuma fam 9 da kwabo 15. Sinawan da suka yi makaranta sun mayar da wannan riga abin barkwanci, wai ita kaɗai ce hajar da tsadar rayuwa ba ta taɓa ba. Amma misalin yana da hikima. A cikin zaɓin akwai fam 19 da kwabo 15. A rubuce ba mai rikita 9 da 19. A kunne kuwa, ɗan guntun sauti ne a ƙarshen kalma ya raba su, kuma ya wuce kafin ƙiftawar ido.

Dalilin shigo da wannan sashe, tun ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, shi ne wata cuta da Sinawa da kansu suka raɗa wa suna Ingilishin bebe: ɗalibi ya shafe shekaru yana haddar kalmomi, ya ci jarrabawa, ya haɗu da baƙo ya kasa jin gaisuwa. Hukumomi sun san abin da kowane mushe, wato malamin boko, a Buza ko Keita ya sani, cewa jarrabawa ita ce akalar raƙumi. Inda ta juya nan aji yake bi. A rubuta a manhaja sau ɗari cewa a koyar da sauraro, muddin ba ya kawo maki, malami zai tsallake shi ya koma nahawu, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka karatu da sauraro abu ɗaya ne, wannan ta ido, wancan ta kunne. Ba haka ba ne. Rubutu yana tsaye yana jiranka; ka koma baya, ka tsaya kan kalma, ka yi tunani. Kuma marubuci ya riga ya yi maka wani babban aiki: ya bar fili tsakanin kalma da kalma. Magana ba ta da wannan fili. Mai magana da Ingilishi a hira ta yau da kullum yana zubo kalma wajen 150 a minti, a manne da juna kamar igiya, kuma ƙwaƙwalwar mai sauraro ce za ta yanka igiyar gunduwa-gunduwa tun kafin ta fara neman ma'ana. Ingilishi ya ƙara da wata mugunta: yana danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, ya haɗiye sauran. Ƙananan kalmomin da ke haɗa jimla, waɗanda ɗalibi ya sani sarai a allo, a bakin Bature sukan koma ɗan gurnani. Bahaushe ya saba kowace gaɓa ta fito da wasalinta cikakke, Faransancin da ya koya ma yana ba gaɓoɓi kusan nauyi ɗaya, don haka kunnensa yana jiran sautukan da ba za su zo ba.

Sai matsalar sautukan kansu. Hausa tana da wasula biyar, kowane da dogo da gajere; Ingilishin Ingila yana da wajen 20. Hausa ba ta raba p da f, a Adar ma f ɗin kanta takan koma h, shi ya sa ake jin tahiya da hwari. Yaron da ya tashi a haka, kalmomin Ingilishi biyu da wannan sauti kaɗai ya raba su suna iya shiga kunnensa a matsayin kalma ɗaya. Hausa kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, dalilin da ya sa muka sami burodi da sukurudireba. Yaro zai ajiye kalma a ransa da surar da bakinsa ya ba ta, ranar da ya ji ta da surarta ta asali sai ya kasa gane tsohuwar saniyarsa. Ɗaliban Sin suna da nasu irin wannan ciwo, musamman wajen baƙaƙen ƙarshen kalma, waɗanda harshensu bai cika amfani da su ba.

Paul Nation, masanin koyon kalmomi na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son fahimtar rubutun Ingilishi ba tare da taimako ba yana bukatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke gabansa, wato kada baƙuwar kalma ta wuce ɗaya cikin 50. Hakan na nufin tushen kalma 8,000 zuwa 9,000 da rassansu ga rubutu, 6,000 zuwa 7,000 ga magana. Sai a ga kamar sauraro ya fi sauƙi. Amma kalmar da za ka yi daƙiƙa uku kana laluben ma'anarta tana da amfani a karatu, a sauraro kuwa asara ce, don kafin ka tuno ta jimla guda ta wuce. Gaokao tana neman kalmomi wajen 3,000 zuwa 3,500 ne kawai, don haka hirarrakinta an tace su ne, an rage musu gudu. Wanda ya cinye maki 30 ɗin nan bai zama ya iya bin fim ba.

Abin da ya fi dacewa mu duba a labarin Sin shi ne wahalar da adalci ya ba su. Tambayar karatu iri ɗaya take a gaban kowa. Tambayar sauraro kuwa ta dogara da lasifika, da kujerar da aka zaunar da kai, da abin da ke faruwa a titi. Shi ya sa a ranakun jarrabawa ake hana danna ham kusa da makarantu, a dakatar da gine-gine, ƴan sanda su karkatar da motoci. A Koriya ta Kudu har jiragen sama ake hana tashi da sauka na kimanin rabin sa'a lokacin sauraron Ingilishi. Da duk wannan, wasu lardunan Sin, ciki har da Henan mai ɗimbin manoma, sun yi shekaru a baya suna yin sashen sauraro ba tare da sanya makinsa a jimilla ba. Hujjar da aka fi bayarwa ita ce ɗan ƙauye bai sami na'ura da malami irin na ɗan birni ba. Birnin Bejin ya bi wata hanya: daga 2017 ya ware sauraro ya mayar da shi kan kwamfuta, ɗalibi ya yi sau biyu a ɗauki wanda ya fi kyau, daga 2021 kuma aka haɗa da magana, maki ya koma 50. Wannan maganin mai wuta da kwamfuta ne.

Maƙwabtanmu na kudu sun kauce wa matsalar ta wata hanya mai ban dariya. A jarrabawar WAEC ta Najeriya akwai takardar da sunanta gwajin furuci, amma shiru ake yin ta, da fensir: a nuna wa ɗalibi kalma, ya zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da ita cikin huɗu. Ɗalibin Sakkwato yana iya haddace alamomin sauti ya ci ta tas bai taɓa jin sautin ba. A Gana, ƙarƙashin wannan hukuma ɗaya, ana kunna murya ne a saurara. Tsarin da muka gada daga Faransa shi ma nauyinsa a kan nassi yake: karanta, amsa, gyara nahawu, rubuta ƴan layuka. Ko inda ake kiran ɗalibi gaban malami ya amsa da baki, muryar da yake ji irin wadda ya saba da ita ce, ta malamin da shi ma a allo ya koyi harshen.

To a ɗauko tsarin Sin a dire shi a Allakaye, me zai faru? Aji na iya zama rumfar zana, iska na shiga, jaki na kuka, ajin da ke maƙwabtaka na maimaita darasi da ƙarfi. Inda aka yi sa'ar gini, rufin kwano ne, kuma lokacin jarrabawa shi ne farkon damina. Ruwa ya sauko minti goma, an gama da maki 30. Ɗan Yamai da ya tashi da talabijin da intanet zai tsere wa ɗan Adar, kuma abin da takardar za ta auna shi ne gidan da aka haife ka. Duk da haka ban ga hujjar barin kunne ba a auna shi ba, don barin shi ne ya haifar da ƙanin nan mai karatu ba ji. Ni dai da za a ji tawa, da an fara daga aji: sauraro ya shiga makin gwaje-gwajen wata-wata, da ɗan nauyi kaɗan, shekaru kafin ya shiga jarrabawar ƙasa. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Waya mai memori, da ƴar lasifikar da ake caji da sola, irin wadda masu shayi ke kunna waƙa da ita, sun isa aji guda. Mutanen da suka tashi da rediyo a kunne, waɗanda alaramma ke kama musu kuskuren wasali ɗaya a karatu yana kishingiɗe idonsa a rufe, ba su ne za a koya wa darajar sauraro ba.

Saura tambayar muryar wa za a kunna. Sinawa sun zaɓi lafazin Ingila da Amurka, sun ɗauki masu karantawa a tsanake a ɗakin ɗaukar murya. Ɗan Allakaye kuwa, Ingilishin da zai fara cin karo da shi na jami'in kan iyaka ne a Illela, da na ɗan kasuwar Kano ko Onica, da na malamin jami'a a Zariya ko Akara, wataƙila da na injiniyan Sin a matatar SORAZ ta Damagaram, wanda shi ma ya taɓa zama yana sauraron kuɗin rigar nan. Waɗannan muryoyi ya kamata su fi yawa a memorin, a sa na Landan ɗaya ko biyu a ciki. Wan nan da ya dawo daga Legas ma yana da abin bayarwa: a kira shi aji wata ranar Laraba ya yi cinikin riga da malam da Ingilishi, yara su rubuta kuɗin da aka tsaya a kai.