"An Duba Ta" Ba Garanti Ba Ne: Cinikin Motar Hannu Daga Lafiya Zuwa Keana

Da zarar an kwashe riɗi da doya a ƙasar Keana, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, sai ka ga mutane sun kama hanyar Obi sun nufi garin Lafiya, masu ƙarfin aljihu kuma su zarce har Mararraba, bakin Abuja, inda motocin sayarwa ke jere a gefen titi. Wani Sharon yake nema ya sa a layin haya, wani ma'aikaci ne da ya haɗa adashi da rancen albashi yana son Corolla. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, 'yar Kwatano ta fi ƙarfin mutane da yawa, aka koma kan wadda wani ya riga ya mora a nan gida. Dillalai kuwa sun samo sabon zance. Da can rantsuwa ake yi maka. Yanzu cewa ake yi an duba ta, an sa mata kwamfuta, a miƙo maka takarda mai tambari da alamar "lafiya" a gaban injin, giya, birki da sanyi.

Asalin wannan takarda daga manyan kamfanonin ƙera motoci ne. A Amurka, Toyota kan sayar da motocin hannu da ta tantance bayan an duba abubuwa 160 a jikinsu, tare da alkawarin gyara na wata 12 ko tafiyar mil 12,000. A Nijeriya, kamfanoni irin su Cars45 da aka kafa a 2016 da Autochek a 2020 su ne suka yaɗa al'adar ba mota rahoton bincike. Sai dai ƙarfin tsarin ba a yawan abubuwan da aka lissafa yake ba. Yana cikin alkawarin da ke biye da shi: idan giya ta ƙi shiga bayan sati uku, aljihun wanda ya sa hannu ne zai ji a jika. Ƙananan wuraren sayar da mota sun kwafi takardar, sun bar alkawarin. A ganina, binciken da mai yin sa ba ya asarar ko kwabo idan ya yi kuskure, talla ce kawai.

Ya kamata mai saye ya san inda waɗannan motoci suke fitowa. Wani rahoto da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo, Nijeriya na cikin manyan masu karɓa. Da yawa daga cikin na Amurka a kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAA ake sayo su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka ga gyaransu ya fi kuɗinsu. Ba dukansu ne marasa amfani ba; wadda aka daka a baya aka gyara da kyau tana iya yin shekaru. Masifar ita ce wadda ta sha ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston a 2017. Irin wannan mota takan tashi, ta yi gudu, fentinta na ƙyalli, amma ruwan da ya shiga mahaɗar wayoyi yana cin su a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta kama, wata uku ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, mai wayarin ya yi ta lalube. Wanda ya ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga tsatsa a kan ƙusoshi, ko ya ja bel har ƙarshe ya ga shatin laka, ya fi mai kwamfutar da aka biya don ya ce lafiya.

Ita kanta kwamfutar ba ƙarya take yi ba, tambayar da aka yi mata take amsawa. Tun 1996 kowace motar da ake sayarwa a Amurka tana da wurin jona na'urar bincike, kuma ƙwaƙwalwarta na ajiye lambar kowace matsala. Amma goge lambobin bai fi minti ɗaya ba, wani lokaci ma cire kan batir ya isa. Abin da ba ya goguwa da sauƙi shi ne shaidar cewa an goge: bayan sharewa, motar na buƙatar tafiya mai ɗan tsawo kafin ta kammala gwajin kanta, kuma na'ura za ta nuna gwaje-gwajen ba su kammala ba. Makaniken kirki wannan shafin yake fara buɗewa. Haka fitilar gargaɗin injin. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, dole ta kama tare da ta jakar iska, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, an cire mata ƙwai ko an liƙe ta.

Sauran dabarun sanannu ne a kowane gareji. A mayar da mita baya, motar da ta ci mil dubu ɗari biyu ta koma dubu tamanin, alhali sitiyari da fedar birki sun suɗe. A zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi, a kuma ɗumama injin kafin mai saye ya iso. Shi ya sa ake son ganin mota da sassafe, a taɓa injin a ji shi da sanyi. A fasa salansa a kwashe abin da makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, motar ta koma shan mai. Mafi muni shi ne jakar iskar da ta riga ta fashe aka ɗinke murfin babu komai a ciki. Ko wadda ba ta fashe ba ma akwai magana: a Amurka an yi kiranyen jakunkunan kamfanin Takata kusan miliyan 67, saboda zafi da laima na lalata sinadarin da ke hura su har su watsa ƙarfe a fuskar direba. Motar da ta baro can ba a canza mata ba, ta zo ta zauna a zafin kwarin Binuwai, ba ta ƙara lafiya ba. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce mabuɗi. Da ita ake duba kiranye kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, da ita ake sayen tarihin mota a Carfax, sau da yawa ma sanya ta a Google kan fito da hoton motar ranar da aka yi gwanjonta, gaba a ragargaje.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani tun 1970 cewa a kasuwar da mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba, kowa zai riƙa taya mota da farashin mai ciwo, masu motocin kirki su janye, a bar tarkace. Dillali mai gaskiya ma asara yake yi ke nan. Mutanenmu kan yi maganin wannan da tafiya da makanikensu, kuma dabara ce mai kyau matuƙar kai ka biya shi kuɗin aikinsa tun daga gida. Makaniken da ke jiran la'ada daga mai sayarwa idan ciniki ya faɗa, ba naka ba ne. Takardar lafiyar mota ta VIO kuwa, kowa ya san sau nawa ake karɓo ta ba tare da motar ta je ko ƙofar ofis ba. Sai takardun kwastan: tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Maraɗi ko Seme bayan wannan rana, ko injinta sabo ne, tana iya kwana a hannun jami'ai.

To, an saya, an iso Keana, kwana goma injin ya fara zafi. A nan ne yawancinmu ke cewa ƙaddara, ko kunyar dillali ta hana magana don ɗan unguwa ne. Amma malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi ya yi hukunci kan dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a kasuwa: mai saye yana da zaɓin kwana uku, in ya so ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Mayar da mita baya ɗan'uwan wannan ne. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala da Muhtasar suka tsara, wanda ya ga tsohon aibi a kayan da ya saya yana da damar mayarwa, kuma cewa "na sayar yadda ka gan ta" ba ta wanke wanda ya san aibin ya ɓoye. Idan ma kayan ya halaka ta dalilin aibin da aka ɓoye da gangan, asarar ta mai sayarwa ce. Sai dai akwai sharaɗin da mutane ke tuntuɓe da shi: wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kayan ba tare da lalura ba, ana ɗaukarsa ya yarda.

Dokar ƙasa ma ta zo kusa da haka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai kai ingancin da ya kamata ba cikin wata uku, a gyara, a canza ko a biya shi. A Ingila dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayarwa kai tsaye, kuma a wata shida na farko dillali ne zai tabbatar da cewa aibin bai taho daga wajensa ba. Bambancinmu da su ba a rubutun doka yake ba sosai, a hujja yake. Mutum ya biya miliyoyi, rasit ɗinsa ba lambar shasi, ba adadin mita, kuɗin kuma asusun wani yaron dillali aka tura, mai motar na ainihi ba a taɓa ganinsa ba.

Nisa ma na aiki a kan mutumin Keana. Jan mota zuwa Lafiya kuɗi ne, zuwa Mararraba ya ninka, don haka yakan kira makaniken gari ya buɗe injin. Daga ranar da aka kwance kan injin, dillali ya sami abin faɗa: ku kuka ɓata ta. Abin da ya fi shi ne a ajiye motar inda ta tsaya, a ɗauki hoton mita da bidiyon matsalar, a aika wa mai sayarwa saƙo a rubuce a ranar, a nemi ya turo makanikensa ko ya amince a rubuce da wanda zai duba. In ya noƙe, shugabannin ƙungiyar dillalan wurin su ne matakin farko, domin sukan tilasta wa ɗansu abin da kotu za ta ɗauki watanni kafin ta yanke, daga nan sai FCCPC ko alƙali. Tun kafin a biya kuma, a nemi a rubuta a bayan rasit cewa injin da giya suna wuyan mai sayarwa na kwana 30, shaidu biyu su sa hannu. Dillalin da ya rantse an duba ta amma ya ƙi rubuta wannan layi ɗaya, a karɓi kuɗin kafin alƙalami a matsa gaba.