Da Wane Suna Bature Ke Kiran Mai Ban Dariya?

A Hausa ba mu rasa sunan mai sa mutane dariya ba. Akwai ɗan kama, akwai wawan sarki, akwai shaƙiyyi, akwai kuma wanda za a ce kawai "ai wane akwai barkwanci." Kowa ya san ba ɗaya suke ba. Ka kira dattijo mai raha da sunan ɗan kama a gaban jama'a, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Haka abin yake a Turanci. Sai dai da yawa daga cikinmu mun riƙe kalma guda muna yafa wa kowa, ko mu tsinto wata a ƙamus da niyyar yabo, ashe zagi muka yi.

Bari mu fara daga fada, don a nan Bahaushe zai fi saurin ganewa. Wanda muke kira wawan sarki shi ne Turawan Ingila suke kira "jester". Asalin kalmar ba ta da alaƙa da wauta: a tsohon Turanci sunan mai ba da labaran jarumai ne a gaban manya, kusan irin aikin maroƙi. Daga baya ne ta koma kan mutumin da aka yarje wa ya faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Sarki Henry na Takwas, wanda ya sa aka fille kan biyu daga cikin matansa, yana da irin wannan wawa mai suna Will Somers, wanda ya zauna da shi har sarkin ya mutu a 1547, shi kuwa ya kai 1560. Amma lasisin bakin yana da iyaka. Archie Armstrong, wawan Sarki Charles na Ɗaya, ya taɓa babban limamin cocin Ingila, William Laud, da ba'a, sai aka kifa masa rigarsa a ka, aka kore shi daga fada.

Irin wannan mutum kuma ana ce masa "fool". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin zuga-zugin maƙeri, wato fatar da ba komai a cikinta sai iska. A wasan kwaikwayon Shakespeare na Sarki Lear, wawan ne ya fi kowa gaya wa sarki gaskiya. Amma wannan ma'anar ta tsaya a littafi. Yau duk wanda ka jefa da ita, wawa ka ce masa, ba ƙari ba ragi.

"Clown" ma daga raini ta faro. A ƙarni na 16 tana nufin baƙauye, bagidaje ke nan. Sannu a hankali ta zama sunan mai fente fuska da fari, ya sa tufafi burgujan-burgujan, yana faɗuwa yana tashi don yara su yi dariya. Wanda ya fito da wannan kama a Landan shi ne Joseph Grimaldi, da ya rasu a 1837. Sana'a ce mai mutunci a wurinta, amma idan aka kira ɗan siyasa ko ma'aikaci da wannan suna, ana nufin ya mai da kansa abin dariya. "Buffoon", wadda ta zo daga Italiya da ma'anar mai kumbura kumatu, ta fi ta zafi.

Ita kuwa "joker", masu karta sun san ta, joka. Tana iya nufin mai yawan zolaya a majalisa, amma a bakin 'yan Najeriya galibi tana nufin wanda ba a ɗaukar maganarsa da muhimmanci.

Bambancin da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne: ana dariya ne saboda abin da mutum ya faɗa, ko shi ake yi wa dariya? Shi ya sa kalmar da ni na fi so ita ce "wit". A tsohon Turanci ma'anarta hankali ko sani. Ana ba da ita ga mai kaifin basira wanda zai mayar da magana nan take, cikin 'yan kalmomi, a fashe da dariya shi kuma ko gezau. Marubuci Oscar Wilde ne misalin da Turawa suka fi kawowa. Wanda kuma yake zuba raharsa a rubuce, kamar Mark Twain na Amurka, shi ne "humorist".

Saura "comedian", wadda ta samo asali daga Girkanci, daga sunan waƙar masu shagali. Ita ce ta mai sana'a, wanda da ban dariya yake ci yake sha, ko a fim kamar Charlie Chaplin da marigayi Rabilu Musa Ibro, ko tsaye shi kaɗai da makirufo a gaban taro, abin da ake kira "stand-up", irin na Ali Baba a Legas.

Saboda haka, ɗalibi, idan za ka rubuta wa malaminka mai raha wasiƙar godiya da Turanci, ka ce masa "witty". Kada ka kuskura ka rubuta "clown".